Maigidana ya ƙi allurar insulin, ya kuma ƙaurace wa ɗakina

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Aboabo, nan Kumasi, 'ya'yanmu biyar. Maigidana yana sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine. Shekara tara ke nan yana fama da ciwon suga, yana shan metformin da glibenclamide. Watan jiya likita ya ce ƙwayoyin sun daina riƙe sugan, awon suga na wata uku ya kai 11, sai an haɗa masa da allurar insulin. Ya ce atafau ba zai yi ba, don yayansa da aka fara yi wa allurar bai cika shekara ba ya rasu. Bara kuma ya fara jin ƙirjinsa yana riƙewa in ya hau bene, aka ba shi wata 'yar ƙwaya da yake sawa ƙarƙashin harshe. Abin da ya fi ci mini rai, wanda ko mahaifiyata ban iya gaya wa ba, shi ne an kusa shekara rabonsa da shimfiɗata. Kwanan nan na ga kwalbar bitas da ƙullin maganin ƙarfin maza a jakarsa. Ƙawata ta ce ko dai wata yake nema, ko an yi mana asiri. Anti, ina zan sa kaina?

Wata baiwar Allah, Kumasi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah Ya ba Alhaji lafiya, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya.

Akwai maganar da ba za ta jira gobe ba, da ita zan fara. Ƙwayar nan ta ƙarƙashin harshe da ƙullin da kika gani a jakarsa, kada su haɗu a jikinsa. Ƙwayar da ake ba mai ciwon ƙirji ya sa ƙarƙashin harshe galibi naitirogiliserin ce ko 'yar'uwarta isosobaid, dangin magungunan da ake kira naitiret. Su kuma magungunan ƙarfin maza irin waɗanda ake talla a tasha da cikin motocin haya na trotro ana rantsuwa ganye ne zalla, hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha kai irinsu ɗakin gwaji su tarar an zuba musu sildenafil a ɓoye, wato sinadarin da ke cikin Viagra, ba a rubuta a jikin kwalba ba, ba a kuma faɗi yawansa ba. In naitiret da sildenafil suka gamu, ƙarfin jini kan faɗi ƙasa warwas cikin mintuna, mutum ya yanke jiki ya faɗi, zuciyar da dama take kukan ƙarancin jini ta ƙara rasa shi. An yi asarar rayuka ta wannan hanya. Ba sai kin jira an auna abin da ke cikin kwalbarsa ba. Mai yawo da naitiret a aljihu ba shi da hurumin shan abin da ba a san me aka zuba a ciki ba.

Sai maganar ƙawarki. Ni ban hango kishiya a wasiƙarki ba, ban kuma hango boka ba. Namijin da ke gudun ɗakin matarsa, yana kuma ɓoye maganin ƙarfi a jaka, yawanci kunya ce ke korarsa. Ya gwada, jiki ya ƙi, ya sake gwadawa ya ƙi, sai ya gwammace ya kwana gaban talabijin da ya ƙara jin wannan kunyar a gabanki. Kusan rabin maza masu ciwon suga suna gamuwa da wannan matsala, sai dai ba wanda ke ɗaga murya ya faɗa a majalisa. Sugan da ya ƙi sauka, da ƙirjin da ke riƙewa, da shimfiɗar da aka ƙaurace wa, duk ciwo ɗaya ne ya ɓullo ta wurare uku. Ina so ki gane yadda abin yake sosai, don ke ce za ki zauna da shi ki yi masa bayani, kuma mutum irin Alhaji, wanda ya saba a buɗe masa inji ya ga inda ya lalace, ba ya karɓar "likita ya ce" kawai.

Jikin ɗan Adam tarin ƙwayoyi ne 'yan mitsi-mitsi, tiriliyoyinsu, kowace tana kewaye da bangonta. Tunda dole su yi aiki tare, dole su riƙa aika wa juna saƙo. Kin san yadda ake yi a gidajenmu na Zango: baƙo namiji ba ya kutsa kai cikin gida. Yana tsayawa bakin ƙofa ya yi sallama, wani yaro ya ji ya ruga ciki ya ce ana sallama da wane, sai gidan ya motsa, a fito da tabarma, a kawo ruwa. Saƙonni da yawa na jiki haka suke tafiya. Wanda ya fara tabbatar da hakan wani Ba'amurke ne, Earl Sutherland, a ƙarshen shekarun 1950. Yana binciken yadda adiranalin, sinadarin da ke zuba cikin jini in mutum ya firgita, yake sa hanta ta saki suga. Sai ya tarar adiranalin ɗin ba ya ma shiga cikin ƙwayar hanta. A bango yake tsayawa, wani ƙaramin sinadari a ciki, cAMP, shi ke ɗaukar saƙon ya kai. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1971. A daidai wannan zamani Edmond Fischer da Edwin Krebs a birnin Seattle suka nuna yadda saƙon ke zama aiki: ana liƙa wa furotin wani ɗan gutsure mai suna fosfet sai ya tashi aiki, a cire shi ya tsaya, wani furotin ɗin kuma akasin haka. Su sai 1992 aka ba su tasu kyautar. Daga nan likitanci ya samu sabon ido. Ciwo na iya zama baƙon ne bai zo ba, ko ya zo ya yi ta sallama ba a ji ba, ko an ji amma yaron ya ɓace a hanya. Magunguna masu ɗimbin yawa da ke kantin magani yau, a ɗaya daga waɗannan wurare suke aiki.

To mu zo kan jijiyoyin jini, inda ƙirjin Alhaji da shimfiɗarku suka haɗu. Jijiyoyin jini, in ban da mafi ƙanana, suna da siririyar tsoka a jikinsu. In ta matse hanya ta ƙuntata, in ta saki hanya ta buɗe jini ya wuce. Wani masani a New York, Robert Furchgott, ya daɗe yana gwaji da jijiyar zomo, abu ɗaya yana ɗaure masa kai: sinadari guda, yau ya zuba jijiya ta saki, gobe ya zuba ta ƙi. A 1980 ya bayyana dalili. Cikin jijiya akwai wani shafi siriri ƙwarai, kaurinsa ƙwaya ɗaya tak, kuma duk lokacin da aka goge shi bisa kuskure wajen yanka jijiyar, sai ta daina saki. Ashe wannan shafin, da ake ɗauka shimfiɗa ce kawai don jini ya zame a kai, shi ke aika wa tsoka saƙon ta saki. Aka shafe shekaru ana neman ko wane sinadari ne saƙon. Tsakanin 1986 da 1987, Furchgott da Louis Ignarro, da kuma ayarin Salvador Moncada a Ingila, suka nuna iska ce, naitirik oksaid, irin wadda ke fita cikin hayaƙin mota. Alhaji yana shaƙarta kullum a Suame bai san jikinsa ma yana ƙera ta ba. Daƙiƙoƙi kaɗan take yi ta lalace. Ita wannan tana ratsa bango ta shiga, amma ita ma yaro take tayarwa, wani mai suna cGMP, shi ke sa tsokar ta saki.

Tun 1977 Ferid Murad ya riga ya nuna cewa naitirogiliserin, ƙwayar Alhaji ke nan, wannan iskar take saki a jiki. An yi kusan shekara 100 ana ba masu ciwon ƙirji ita, tun 1879, ana ganin tana aiki ba a san ta yaya ba. Furchgott da Ignarro da Murad suka raba kyautar Nobel ta 1998, aka bar Moncada a waje, abin da har yau masana da yawa ke ganin ba a kyauta ba, ni ma ina cikinsu. Shi kansa Alfred Nobel mai kyautar, da naitirogiliserin ya haɗa nakiyar da ta azurta shi, da tsufa ya zo ƙirjinsa ya fara ciwo, ita likitoci suka rubuta masa.

Ki yi haƙuri zan ɗan cire kunya, don lalura ce. Abin da ke faruwa ga namiji a shimfiɗa aikin jini ne. Sha'awa ta taso daga ƙwaƙwalwa, jijiyoyin ji su kai saƙo, su da wancan siririn shafin su saki naitirik oksaid, cGMP ya taru, tsokar jijiyoyin wurin ta saki, jini ya cika. Bayan an gama, wani furotin mai suna PDE5 ya share cGMP ɗin, komai ya koma yadda yake. Suga mai yawa da ya daɗe yana yawo cikin jini yana lalata abu biyun nan duka: yana cin jijiyoyin ji, yana kuma illata shafin cikin jijiyar jini har iskar da yake fitarwa ta ragu. Sai mutum ya zama yana son matarsa, zuciyarsa na wurinta, amma saƙon ba ya isa inda aka aike shi. Jijiyoyin wannan wuri faɗinsu milimita 1 zuwa 2 ne, na zuciya kuwa 3 zuwa 4, shi ya sa matsalar shimfiɗa takan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru, kuma likita mai lura yana ɗaukarta gargaɗi. A wurin Alhaji dukansu biyu sun riga sun fito. Wannan ne ya sa nake ganin lamarinsa ya wuce a yi ta lallashi har sai ya ga dama.

Shi sildenafil, kamfanin Pfizer ne ya haɗa shi a garin Sandwich na Ingila, kuma asali don ciwon ƙirji aka yi shi. Bai taɓuka abin kirki a can ba, sai mazan da aka gwada a kansu suka riƙa ba da labarin wani abu daban. A 1998 Amurka ta amince a sayar da shi don wannan. Aikinsa ɗaya ne, ya riƙe PDE5 don kada ya share cGMP da wuri. Yanzu ki haɗa lissafin da kanki. Naitiret yana kwararo iskar, cGMP ya yi ta taruwa, sildenafil kuma ya hana a share shi. Jijiyoyin jiki gaba ɗaya su saki a lokaci guda, jini ya rasa ƙarfin hawa ƙwaƙwalwa da ciyar da zuciya. Ƙa'idar asibiti ita ce ba a ba mutum naitiret sai an yi awa 24 da shan sildenafil, in ɗan'uwansa tadalafil ne awa 48. To wa ya san ranar da ƙirjinsa zai riƙe? Wannan ba ya nufin an rufe ƙofa ga Alhaji. Likitan zuciya zai iya duba shi, ya ga ko za a sauya masa magani, akwai kuma wasu hanyoyin da ba su bi ta wannan ƙwayar ba. In yana shan maganin hawan jini ma a duba, don wasu irin atenolol da bendro sukan ƙara matsalar, kuma ana iya musanya su. Amma likita ne zai musanya, kada ya daina sha da kansa.

Duk wannan reshe ne. Tushen yana ga sugan, nan ne allurar da yake gudu ta shigo.

In mutum ya ci waakye ko tuwo, abincin ya narke ya zama suga a jini, wani sashe da ke kwance bayan tumbi, fankiriyas, yana sakin insulin. Insulin ya je ya yi sallama a ƙofar tsoka da kitse da hanta. A 1982 Masato Kasuga da Ronald Kahn suka nuna cewa da zarar ya taɓa ƙofar, ita kanta ƙofar ke fara liƙa fosfet ɗin nan na su Fischer, saƙo ya bi hannu-hannu zuwa ciki. Shekara biyu kafin haka an riga an gano ƙarshen saƙon: masu shigo da suga, waɗanda daga baya aka sa wa suna GLUT4, a ajiye suke can cikin ƙwaya, sai insulin ya yi sallama sannan su fito bango su fara jawo suga daga jini. Ciwon suga irin na manya, irin na Alhaji, yana farawa ne da rashin jin sallamar. Wani likita a Landan, Harold Himsworth, ya faɗi haka tun 1936, ba a ba maganarsa muhimmanci sosai ba, sai da Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka ƙirƙiro hanyar auna insulin a jini a 1960, suka tarar da yawa daga masu wannan ciwon suna da insulin, wasu ma fiye da na masu lafiya. Da ƙwayoyin jiki suka yi kunnen ƙashi, sai fankiriyas ya ƙara yawan abin da yake fitarwa, ya yi ta ƙarawa shekara da shekaru, har ya gaji.

Akwai wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, UKPDS, aka fara a 1977, aka bi mutum fiye da 5,000, sakamako ya fito a 1998. Ya nuna cewa ranar da aka ce wa mutum yana da suga, kusan rabin ƙarfin fankiriyas ɗinsa ya riga ya tafi, kuma yana ci gaba da raguwa ko wace ƙwaya yake sha. Metformin babban aikinsa shi ne hana hanta zuba suga fiye da kima. Glibenclamide kuwa matsa fankiriyas yake ya ƙara fitar da insulin, ta wata 'yar mashiga da Frances Ashcroft ta nuna a Oxford a 1984 cewa ita suga ke rufewa kafin insulin ya fito. In abin da ya rage a fankiriyas ɗin ya yi kaɗan, ko an matsa ba abin da zai fito. Don haka ki gaya masa, zuwan ranar allura bayan shekara tara ba laifinsa ba ne, ba kuma alamar an yanke masa ƙauna ba ce. Haka ciwon yake tafiya. Awon nan na wata uku yana auna sugan da ya manne a jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke rayuwa kimanin kwana 120, shi ya sa ba a iya yaudararsa da ƙin cin abinci ranar zuwa asibiti. Ga yawancin mutane ana son ya tsaya wajen 7. Nasa 11 ne. Binciken nan na Birtaniya ya nuna duk maki ɗaya da aka sauke, haɗarin lalacewar ido da ƙoda da sauran ƙananan jijiyoyi yana raguwa da kimanin kashi ɗaya cikin uku.

Maganar yayansa, Allah Ya jiƙansa, kada ki yi masa gardama a kai, makoki ne yake ɗauke da shi. Amma wata rana in ya sake, ki tambaye shi a hankali: yaya jikin Yaya yake kafin a fara masa allurar? Abin da aka saba gani a unguwanninmu shi ne a ce wa mutum ya fara insulin ya ƙi, ya koma kan jiƙo da ganyen wane da wane, shekara uku ko biyar, sai ƙoda ta taɓu ko ƙafa ta yi gyambo, a kai shi asibiti ranga-ranga, a lokacin ne za a yi masa allurar. In ya rasu, sai a tuna abu na ƙarshe da aka yi masa, a manta da shekarun da suga ya yi yana ɓarna. Da haka tsoron ke gadon tsoro, kowa ya ƙara jinkiri. Kafin Frederick Banting da Charles Best da abokan aikinsu su tace insulin a Toronto ta Kanada a 1921, yaron da ya kamu da ciwon suga ba ya daɗewa. Na farko da aka yi wa allurar, Leonard Thompson, ɗan shekara 14, a Janairun 1922, yana bakin mutuwa ya tashi, ya ƙara shekara 13 a duniya. Kuma abin da ke cikin allurar, jikin Alhaji yana yin irinsa tun yana cikin mahaifiyarsa. In wani ya kawo masa zancen wai daga alade ake samo shi, a da can an yi amfani da na alade da na shanu, amma bayan Frederick Sanger ya gano jerin ginin insulin a 1955, aka kai ga haɗa irin na mutum ta hanyar ƙwayoyin bakteriya da yis, ya shiga kasuwa a 1982, kuma shi ne ya mamaye asibitoci yanzu.

Wani abin da zai ƙarfafa masa gwiwa: suga mai yawa shi kansa yana daƙile fankiriyas. In aka sauke shi da allura, fankiriyas ɗin yakan ɗan farfaɗo, wasu har a rage musu yawan abin da suke yi. Wasu kuma suna ci gaba da ita har ƙarshen rayuwa, suna kasuwancinsu, suna zuwa Hajji. Kada ki yi masa alkawarin zai daina, don in bai daina ba zai ce kin ruɗe shi. Yawanci ana farawa da sau ɗaya da dare, allurar kuma 'yar ƙarama ce, ƙarƙashin fatar ciki ko cinya ake yi, ba irin ta zazzaɓi da ya sani ba.

Haɗarin gaskiya da ke tattare da insulin shi ne suga ya sauka fiye da kima, musamman in an yi allura ba a ci abinci ba, kuma glibenclamide ɗin da yake sha yanzu ma yana jawo haka. Alamunsa gumi, karkarwa, yunwa mai tsanani, faɗa ba dalili, magana ta rikice. In na'urar auna suga ta gida ta nuna ƙasa da 4, a ba shi suga cokalin shayi uku a ruwa ko rabin kwalbar lemo, a sake aunawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kai shi asibiti. Yaran shagonsa ma su san wannan. Insulin da ba a buɗe ba a firji ake ajiye shi, ban da wajen ƙanƙara. Wanda aka buɗe yana kai kimanin mako huɗu in ba a bar shi cikin zafi ba. Ranar da aka ɗauke wuta, ki sa shi a leda ki ɗaure, ki ajiye cikin tukunyar ƙasa mai sanyi. Kada ya bar shi a mota. Kafin azumi kuma ku koma a tsara masa yadda zai yi.

Akwai taimakon da ke hannunku a gida. Tsoka in tana aiki tana fito da GLUT4 ɗin nan bango ko ba insulin, wannan ma bincike ya tabbatar, don haka tafiyar ƙafa bayan cin abincin dare magani ce ta gaske. Sai dai da yake yana da ciwon ƙirji, likita ne zai faɗi iyakar da zai yi. Batun abinci kin fi ni sanin tukunyarki: sugan koko, Milo da burodi da safe, sobolo mai zaƙi, malmalar tuwo ko fufu da dare. A rage, a yawaita miyar ganye da wake, kuma gidan duka ya ci iri ɗaya, don ba namijin da ke son a ware masa kwano kamar maras lafiya.

Yadda za ki tunkare shi ya fi duk wannan wuya. Kada ki tare shi da kwalbar a hannu, kada ki fara da zancen shimfiɗa. Ki bari ya ci ya huta, yara sun kwanta, ki ce, "Alhaji, na karanta wani abu da ya tayar mini da hankali. An ce mai sa ƙwayar ƙarƙashin harshe in ya sha bitas ko maganin ƙarfin jiki na kasuwa yana iya faɗuwa nan take. Don Allah ko wani ya ba ka, kada ka sha." Kin isar da saƙon, kin kuma bar masa mutuncinsa. In kika zubar da kwalbar a ɓoye, gobe zai sayi wata a kasuwar Kejetia. Daga baya, ba lallai a daren ba, ki sanar da shi kin ji cewa suga yana taɓa ƙarfin namiji, kuma ke ba ki ɗauke shi da wata manufa ba. Mai yiwuwa ya yi shiru ko ya ɓata rai. Ki ƙyale shi, ya ji. Da yawa daga maza abin da ke sa su karɓi allura a ƙarshe shi ne su gane cewa wannan matsalar da sugan abu ɗaya ne. Gaskiya dai, jijiyar da ta riga ta lalace ba lallai ta dawo yadda take ba, amma sauke suga yana tsayar da ɓarnar, yana kuma ba sauran magunguna damar yin aiki.

Ki nemi namiji ɗaya da yake jin nauyinsa, wanda ke kan insulin yana harkokinsa lafiya, ya zauna da shi. Za ki samu a masallacinsu ko a Magazine. Shi wannan zancen allura kawai za a gaya masa, sauran sirrinku ne. Ƙawarki ma ki ja bakinki daga gare ta, magana irin wannan in ta zaga unguwa ta dawo kunnen Alhaji, gyaranta sai Allah. Ranar asibiti ki raka shi, ku tafi da kwalbar da ƙullin da duk ƙwayoyinsa a leda ɗaya, da katin inshorar lafiya, don inshorar ƙasa ta NHIS tana ɗaukar kula da ciwon suga. Asibitin Komfo Anokye yana da sashen masu suga da likitocin zuciya in ana buƙatar a tura shi. In kin ga kunyarki za ta hana shi magana, ki fita ki ba su wuri. Addu'a da ruƙiyya kuwa ku yi ta yi, ba su hana allura ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Ke ma na san shekarar nan ta yi miki tsawo, kina kwana kina tuhumar kanki. Ki roƙe shi ya dawo ɗaki ko da hira ce kawai da barci, ki nuna masa ba jarrabawa ke jiransa a can ba.

In kuma kafin ku kai ga likita ƙirjinsa ya riƙe, kina kuma zaton ya sha abin kwalbar nan a ranar ko jiya, kada ya sa ƙwayar ƙarƙashin harshe. Ki zaunar da shi, ki kira 112 ko ki nemi mota nan take, ku tafi da kwalbar, in kun isa ki gaya wa ma'aikatan abin da ya sha da lokacin da ya sha, ko da shi ya ce ki yi shiru.